Babur Mai Sirdi Ɗaya

A Damagaram idan ka sayi babur, rabinsa ka saya. Gaba naka ne, da mai da faci da rigimar bakanike, amma mazaunin baya na jama'a ne. Ba ka isa ka wuce wanda ka sani yana tafiya a ƙasa ba ka tsaya ba. Za ka ce masa ya hau ka rage masa hanya, ya ce a'a, nan kusa zai je, ka sake cewa, sai ya tattare rigarsa ya hau, nan kusan kuma ya zama ƙarshen unguwar Zango. Haka muka taso muka tarar tun zamanin kekuna, kuma ban taɓa ganin wanda ya nemi fita daga wannan tsarin ba sai taubashina.

Ɗan Gwaggo ne, ƙanwar mahaifina, kuma shi ne ɗanta na fari. Ya ɗan girme ni, amma ina ce masa bawana kamar yadda wasan taubasai ya ba ni dama, shi kuma ya ce ya ji, bawa dai ba ya rasa tuwo. Ma'aikaci ne a wani biro, wato ofis, mutum mai sanyin magana wanda a'a ba ta zama a bakinsa. Shi ya fara sayen babur a danginmu, ɗan ƙaramin nan irin na 'yan kabu-kabu masu ɗaukar fasinja, kuma tun daga ranar dangi suka yi jaki. In famfo ya ɗauke, abin da ba baƙo ba ne a garin nan, shi ke rataya jarkoki yana bin unguwanni neman ruwa. Buhun gero daga Droum shi ne, ragon suna shi ne, tsohuwar da za a kai asibiti shi ne. Furfura ta fito masa yana wannan aikin, ban taɓa jin ya yi tsaki ba.

Gwaggo mutuniyar da ce, ta riƙe kunyar ɗan fari yadda aka koya mata. Ba ta kama sunansa, ba ta kallon idonsa, ba ta zama hira da shi. In za ta ambace shi sai ta ce "wancan", daga baya ta koma "mai babur". Kullum da safe yana zuwa gaishe ta kafin ya wuce aiki, ya durƙusa a bakin ƙofa, ta amsa tana duban faifan da ke hannunta. In tana so ya ci wani abu, sai ta ce wa ɗakin akwai fura a ƙwarya in da mai sha. Ni ɗan yayanta kuwa har zungurina take yi da muciya, muna dariya, shi yana zaune kamar baƙo.

Wuri ɗaya ne wannan katangar take da ƙofa, wato hanyar Gidimuni. Yayar Gwaggo tana aure can bakin tafki, kuma lokaci-lokaci Gwaggo takan so ganinta. Ba ta cewa a kai ta. Sai ta ɗaure ƙullin tsaraba, goro da turare da ɗan sabulu, ta ajiye a zaure inda ba zai iya wucewa bai gani ba. Ranar hutu ta farko sai ya zo da babur, ta zauna a baya gefe ɗaya, ta riƙe ƙarfen kariya, su kama hanya. Ba ya ganin fuskarta, ba ta ganin tasa. Da sun wuce kukokin Mirya sai ya rage gudu, ita kuma ta fara magana. Ko a nan ba ta ce masa "kai". Takan ce mutumin da ke tari irin wannan ba ya shan ruwan firji. Takan ce an ce 'yar wani tana da kan karatu, a bar ta ta yi. Shi kuma ya amsa wa hanya. Ya taɓa gaya mini cewa duk abin da ya sani game da mahaifinsa marigayi, da rashin lafiyar da ya yi yana jariri har aka fid da rai, a wannan hanyar ya ji shi, tsakanin Mirya da Gidimuni.

Sai ga shi wata rana da la'asar ya shigo fadarmu a kan wani abu da muka ji tun kafin mu gani. Fadar tamu a gindin dalbejiya take, gaban rumfar wani mai walda, nan muke shan shayi, kuma kusan kowa da baburinsa. Babur ne, wani Bature na wani furoje, wato aikin raya ƙasa, ya gama aikinsa zai koma gida, ya sayar masa. Baƙi ne wuluk, doguwar halitta, ya yi ƙasa-ƙasa kamar zai taɓa hanya da ciki. Tayar baya ta kai faɗin turmi. Injin a fili yake, yana walƙiya, da bututun hayaƙi biyu a gefe ɗaya. Mai tuƙi ba ya sunkuyawa, zama yake ya miƙe ƙafafu gaba ya buɗe hannuwa, kamar attajiri a kujerar ƙofar gida. Ƙararsa kuwa ba ta kunne kaɗai ba ce, har a ƙirji kake jin ta. Muka zagaye shi. Ni abin da idona ya fara sauka a kai shi ne bayan sirdin. Ba komai a wurin sai murfin taya mai sulɓi, ya gangara kamar bayan ƙwarya. Mazaunin mutum ɗaya ne tak.

Na tambaye shi ina ƙaramin. Ya ce ya ba ƙanensa da ke koyarwa a Droum, ya fi shi bukata.

Muhawarar da aka fara ranar ta ci shayi mai yawa. Akwai wani tsohon ɗan kabu-kabu a cikinmu, wanda ya san kowane rami na garin nan, shi ya fara. Ya zagaya baburin hannu a baya, ya leƙa ƙarƙashinsa, ya ce, "Bido nawa na ruwa, jarka nawa, yake ɗauka?"

Mai walda ya ce, "Kai komai da bido kake auna shi. Doki ma ai ba a ɗora masa mangala."

"Doki yana shiga rairayi. Wannan moto ka kai shi hanyar Droum ka gani, kwanciya zai yi kamar saniya mai naƙuda. Isansi kuwa, man da zai sha zuwa Mirya, ni da shi nake kai mutane kasuwa har in gaji. In wani ƙarfe ya lalace a cikinsa, wa ke da irinsa a Kasuwar Dole?"

"Ni zan ƙera."

"To ka ƙera masa wurin zaman mutum tukuna."

Mai walda bai ji daɗin wannan ba. Mutum ne da ya ƙare rayuwarsa yana liƙa kariya da ƙugiya a baburan mutane, yana ƙara musu tsawo don su ɗauki buhu, kuma ashe duk abin yana ci masa rai. Ya ce mu ba mu san kyau ba, duk abin da ya shigo garin nan sai mun mai da shi amalanke. Ya shafa tankin da bayan hannu don kada ya bar shaida, ya ce wanda ya zana wannan ya san inda layi ya kamata ya tsaya, kuma duk wanda ya ƙara masa ko ƙusa ɗaya Allah zai tambaye shi. Matasan fadar suna bayansa, su ƙarfin injin ya tafi da su, suna ta tambayar gudun da yake yi, kamar akwai inda za a yi gudun ban da cikin awaki. Ni ina bayan ɗan kabu-kabu, na kuma faɗa a fili. Na ce babur da ba ya ɗaukar kowa ai takalmi ne, kuma ƙarar nan tasa tsabar neman suna ce.

Taubashina dai yana ta murmushi yana kurɓar shayi. Sai da aka watse muka rage mu biyu na ce masa, "Bawana, me ya kai ka?"

Ya ce, "Ina so in tashi daga wani wuri in isa wani wuri ba numfashin kowa a wuyana. Ko sau ɗaya."

Gaskiya ce, kuma ban taɓa tunanin yana da irin wannan buri ba, don mun saba ganinsa da kaya a baya har mun ɗauka da shi aka haife shi.

Ya kuwa samu abin da yake so. Ranar hutu yakan hau kwalta ta arewa, hanyar Tanut, ya yi nisa shi kaɗai, ya juyo ba tare da ya je wurin kowa ba. In ya dawo fuskarsa a sake, har wasa yake ja na da shi. A cikin gari in ya ga wanda ya sani sai ya tsaya, ya gaisa, ya nuna bayan sirdi ya buɗe hannu, mutumin ya duba ya ga lallai babu wuri, a rabu lafiya. Mutane suka yi ta magana, wasu suka ce ya yi kuɗi ya canza, wasu suka ce rowa ce ta zo masa da tsufa. Jarkoki da raguna da tsofaffi kuwa suka dawo kaina, tunda ni ke da ƙaramin babur na biyu a dangi. A nan na gane nauyin da ya ɗauka shekara da shekaru, kuma ban ɗauke shi da irin haƙurinsa ba, ni ina tsaki.

Dabarar tasa wuri ɗaya ta ci tura. Wata Juma'a a cikin Birni, a ɗaya daga lungunan nan masu yashi da ke bi ta tsakanin duwatsu, ya ci karo da surukinsa yana tafiya a ƙasa. Ba a wuce suruki a kan abin hawa, ba a kuma nuna masa bayan sirdi a buɗe hannu. Da can sai ya ɗauke shi. Yanzu babu abin yi sai ya kashe injin, ya sauka, ya tura baburin yana tafiya gefen tsohon. Abin kuwa ya kai nauyin bijimi. Tsohon ba ya sauri, ga shi da son tsayawa gaisuwa a kowane zaure. Na same su kusa da masallaci, taubashina ya jiƙe sharkaf cikin babbar riga, tsohon yana ce masa, "Ai da ka hau abinka, ɗana," ba tare da ya ƙara sauri ko kaɗan ba. Fada ta ci wannan labarin har ya gundure mu. Ɗan kabu-kabu ya ce yanzu ya gane amfanin moton, na motsa jiki ne.

Bayan kaka, lokacin da rake ya kai a Gidimuni, ƙullin Gwaggo ya bayyana a zaure.

Na gan shi, na san shi ma ya gani, don sai ya raɓa shi kafin ya isa ƙofarta. Ranar hutu ta zo ta wuce. Wata ta zo ta wuce. Na ce wa Gwaggo ta shirya ni in kai ta, ta ce ƙafarta ke ciwo. Na ce to mota, ta ce mota tana sa ta amai, alhali ƙafar da cikin duk lafiyarsu lau. Goron da ke cikin ƙullin ya bushe, ta kwance ta sa sabo ta mayar wurinsa. Ba ta ce komai ba, ba kuma za ta ce ba. Abin ya fara ba ni haushi, na rasa wanda zan ji haushinsa a cikinsu.

Na same shi a fada na ce, "Ba ka ga kaya a zaure ba?"

Ya ce, "Na gani."

"To?"

"Ara mini naka ranar Lahadi."

Na ara masa. Ya je da shi ƙofar gida, ya shiga ya durƙusa ya ce an zo da babur. Ina tsaye a tsakar gida. Gwaggo ta leƙa ta zaure ta ga nawa ne, ta dawo ta zauna ta ci gaba da tsince wake. Can ta ce wa kazar da ke kiwo gabanta, "Wanda ya gina gida bai yi ɗakin baƙo ba, ai ya gama magana. Ba sai ya aro ɗakin maƙwabci ba." Taubashina ya daɗe a durƙushe. Daga baya ya tashi ya miƙo mini makullina, bai dube ni ba.

A nan abin ya tsaya masa. In ya bar baburin yadda yake, ya riƙe 'yancinsa, amma wurin nan ɗaya da uwarsa ke masa magana ya rufe, kuma ita ba yarinya ba ce da za a ce sai wata shekara. In ya sa mazauni, ba Gwaggo kaɗai za ta hau ba. Duk garin zai dawo, da jarkokinsa da ragunansa, don mazauni ba ya zaɓen mai zama. Ya san wannan sarai. Na ga ya daina zuwa hanyar Tanut, yana zuwa fada ya zauna yana kallon baburin kamar wanda aka ce ya sayar da gonar gado.

Ranar da ya yanke shawara, bai yi wani dogon bayani ba. Ya tura baburin cikin rumfar mai walda ya ce a sa masa kariya da wurin zama da matakin ƙafa.

Mai walda ya ajiye abin da ke hannunsa ya ce, "Hannuna ba zai yi ba."

"To zan kai wa mai ƙera ƙofofin nan na bakin tasha."

Mai walda ya zagaya baburin, ya tsuguna, ya tashi. Ya ce, "Wancan da ƙarfen gado zai liƙa maka. In dai yankawa za a yi, gara ni in yanka." Ya yi aikin a hankali, yana yi yana ƙunƙuni, ya lanƙwasa ƙarfen ya bi gangaren murfin taya iyakar iyawarsa. Aka kai wa dukawa suka rufe soson da jar fata. Duk da haka muni ya yi, ba a ɓoye wannan. Baburin ya koma kamar doki da aka ɗaura wa kujerar tsakar gida. Matasan fada suka zo suna yi wa mai walda ta'aziyya, ɗaya bayan ɗaya, har da shafa fatiha. Ɗan kabu-kabu ya hau sabon mazaunin ya girgiza ya ji ƙarfinsa, ya ce, "Yanzu ya zama moto." Mai walda ya ce ya sauka masa daga rumfa.

Da hantsin Lahadi muka tashi. Ni na bi su a baya da nawa, da ƙullin tsaraba, don a samu wurin ɗoro rake in za a dawo. Gwaggo ta fito ta dubi jar fatar, ta danna ta da yatsa, ta zauna gefe ɗaya ta kama ƙarfen. Da ya tayar da injin sai da ta ɗan zabura, yaran unguwa suka biyo mu har bakin kwalta.

A kan kwalta dai dole in ba mai walda gaskiyarsa. Abin yana tafiya kamar ruwa, ni ina baya ina murɗa nawa har yana kuka kafin in riƙe su a ido. Da muka wuce kukokin Mirya taubashina ya rage gudu yadda ya saba, na matso kusa. Ina ganin Gwaggo daga baya, mayafinta yana kaɗawa, haɓarta tana motsi. Magana take yi, ba ta tsayawa. Wani lokaci har ta saki hannu ɗaya tana nuni da shi, abin da ban taɓa ganin ta yi a gabansa ba. Bayan Hamdara muka tarar da wata babbar mota tana jan ciki, ya murɗa don ya wuce ta, baburin ya yi tsalle gaba. Hannun Gwaggo ya bar ƙarfen ya kama kafaɗarsa. Aka wuce motar, hanya ta miƙe, hannun bai koma ba har muka hango dabinon Gidimuni.

Yayar Gwaggo ta tarbe mu da lale da wushe-wushe irin na mutanen gabas, aka shiga da Gwaggo ciki. Mu biyu muka gangara lambu wajen tafki, inda ake sarar mana rake. Na ce masa, "Yau ka sha labari, bawana. Na ga ba ta rufe baki ba."

Ya ɓare raken da haƙori ya tofar, ya ce, "Ban ji ko kalma ɗaya ba."

Na ɗauka wasa yake.

Ya ce, "Ina jin tana magana, a bayana nake jin ta. Amma ƙarar injin ta cinye komai. Na rage gudu, na karkata kai, a banza." Ya jefar da guntun raken. "Na ɓata moto, na rasa hirar. Gobe zan ce a toshe salansar nan ko a sa wata, ko ta ƙaramin moto ce."

Tausayinsa ya kama ni ƙwarai. Na ce masa haka ya kamata, dama ni tun farko ƙarar ba ta yi mini ba.

Bayan azahar Gwaggo ta aiko a kira ni in ɗaure kaya. Na same ta ita kaɗai a rumfa tana zaɓen dabino a faifai, yayarta ta shiga maƙwabta. Fuskarta a sake, kamar wadda ta sauke tulu. Ta ce in zauna. Ta tambaye ni ko mai babur ya gaji. Na ce bai gaji ba, sai dai ransa a ɓace, don bai ji abin da take faɗa ba, kuma gobe zai sa a rage wa baburin kuka.

Ta tsaya da zaɓen. Ta ce, "Bai ji ba?"

"Ko kaɗan, Gwaggo."

Ta ci gaba da juya dabinon da yatsa. Ta ce, "Na sani. Tun a Mirya na gane, da na yi tambaya ba a amsa ba." Sannan ta ce, "Ka ce masa a bar shi yadda yake."

Na ce ai ita za a yi wa, don a ji ta.

Ta ce, "Kai yaro ne har yanzu. A wancan ƙaramin, kowace magana sai na auna ta kafin in sake ta, don ana ji. Yau na faɗi abin da ke raina tun yana goye. Na ce masa kai. Har sunan da aka raɗa masa na kira, da ƙarfi, kamar yadda kowace uwa ke kiran nata. Tun ranar suna bai fito bakina ba." Ta ture faifan gabana ta ce in ɗiba, waɗannan sun fi zaƙi. Ba ta dube ni ba, ni ma ban dube ta ba.

A hanyar dawowa na bi su da rake a baya, ina kallon haɓarta tana motsi.

Washegari a fada ya kawo maganar salansa. Mai walda ya riƙe kai ya ce an yanke wa dokin wutsiya, yanzu kuma za a cire masa murya. Ɗan kabu-kabu ya ce a cire, mutane su huta. Ni na ce a bar ta. Na ce babur irin wannan ƙararsa ce kyansa, in aka toshe ta me ya rage. Fada ta fashe da dariya. Ɗan kabu-kabu ya ce da rake aka saye ni. Mai walda ya miƙo mini kofin farko, ya ce ashe ana shiryuwa da girma. Na karɓa na sha, ban kare kaina ba.

Da muka keɓe taubashina ya ce, "Kai da ka ce neman suna ce?"

Na ce, "Gwaggo ta ce a bar shi."

Ya dube ni. "Ita ta ce?"

"Ita ta ce."

"Me ya sa?"

Na ce bawa ba ya tambayar ubangidansa dalili. Ya ɗan yi dariya, amma bai sake tambaya ba, ni ma ban ƙara ba, don ba ni aka ba maganar in kai ba.

Garin kuwa ya dawo masa kamar yadda ya zata. Yanzu za ka ga baƙin baburin nan a layin famfo da jarkoki rataye a gefe, ko da rago a kan jar fatar, surukinsa ma ya hau ya ce ya fi ƙaramin taushi. Matasan fada sun daina kallonsa. Hanyar Tanut sai jefi-jefi. A gida ba abin da ya canza, yana durƙusawa a bakin ƙofa, tana amsa wa faifai.

Ƙullin yana bayyana a zaure fiye da da, har yayar Gwaggo ta fara tambaya ko lafiya. Nakan bi su wani lokaci saboda kaya. Ban taɓa gaya masa abin da aka gaya mini a rumfar nan ba, kuma bai sake cewa bai ji komai ba. Na dai lura da abu ɗaya. Da sun wuce kukokin Mirya, wurin da ya saba rage gudu ya karkata kai, yanzu zama yake ya miƙe, ya dubi hanya, ya ƙara wa injin wuta.